Katin Ɗan Farin Yelwa

Inna Yelwa mai daddawa ta Tsafe 'ya'ya bakwai ta haifa. Shida tana kiransu da suna, har da zagi in ta kama. Na farin kuwa, shekararsa arba'in da ɗaya a duniya, bakinta bai taɓa ɗaukar sunansa ba. Haka ta taras ana yi wa ɗan fari, haka ta yi. Ana yaye shi aka kai shi 'Yankuzo wurin kakarsa, can ya girma. Da ya dawo gida da gemunsa da takardar malanta, in ya shigo tsakar gida ta shige ɗaki, in ta fito ya nufi zaure. In tuwo ya nuna sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan abinci na hucewa." Shi kuma ya dubi randa ya ce, "A ce an gode." Sunansa Haliru, malamin firamare. Duk unguwa an san ba wanda take so kamarsa, don shi kaɗai ne ba ta taɓa yabo ba.

Ana cikin girbin gero ya hau mota zai je Gusau karɓo takardun jarrabawa, mutanen daji suka tare hanya. Kwana goma sha tara ya yi a hannunsu. Yadda aka yi ya dawo wani labari ne daban, kuma ba mai daɗi ba. Ya dai dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, gida ya cika da 'yan barka, aka ce Allah shi kiyaye gaba, kowa ya watse.

To, jikin ne ya dawo. In babur ya wuce bayan katanga sai gumi ya jiƙe masa riga. Mota kuwa ko daga nesa ba ya son gani. Sau ɗaya ya koma makaranta, iska ta bugo ƙofar aji, ya tsinci kansa ƙarƙashin tebur, yara na dariya. Tun ranar bai sake ƙetare zaure ba. An yi masa tofi, an yi hayaƙi, rubutu kuwa ya sha har haƙoransa suka dafe. Mai kemis ya ba da ƙwayar barci, ta sa shi barci, ya farka da abinsa.

Wata huɗu ana haka, sai ga hedimasta, Malam Anas, ran wata Lahadi. Ba mugun mutum ba ne, amma shi ma akwai na samansa. Ya tsuguna a zaure ya gaida Yelwa, ya ce, "Inna, na rufa masa asiri iya ƙarfina. Masu tantance ma'aikata za su zo ran ashirin ga wata. Ko su same shi gaban allo, ko su sami takardar likita mai hatimi. In babu ɗaya, sunansa ya fita, kuma wanda ya fita ba ya komawa."

"Yau nawa ga wata?"

"Huɗu."

"To, an ji," in ji Yelwa.

Ƙannen Haliru maza duk suna kudu neman kuɗi. Matarsa Mansura na da cikin wata takwas, ko tsintsiya da ƙyar take ɗauka. Saboda haka washegari Yelwa ta ɗaura kwandon daddawa a ka kamar kowace Litinin, ta hau motar Gusau, ba ta gaya wa kowa akwai wani abu ban da ciniki ba.

A Sabon Gari akwai Asabe, tsohuwar nas, Kirista mutuniyar Kafanchan, shekara ashirin tana sayen daddawa hannunta, shekara ashirin tana cewa ta yi tsada. Yelwa ta sauke kwando, ta sha ruwa, ta kwashe labari ta faɗa mata tana kallon ƙasa.

Asabe ta ce, "Wannan ba iska ba ne, ba hauka ba ne. Tsoro ne ya shiga ya ƙi fita. Kuma akwai masu aikinsa. Ba likitan allura ba, ba wanda ke ɗaure mutane ba. Wanda ya karanci halin ɗan Adam, a zauna da shi a yi magana."

"Magana?"

"Magana."

"Gwamnati ke biyan mutum albashi shi yi magana? Ashe ni anka cuta. Shekara sittin ina yi kyauta."

"Ke taki ciwo take sawa, tasu cirewa take yi. Kuma ki saurara. Malam ma'aikaci ne, duk wata ana yankar masa kuɗin inshorar lafiya a albashi. Duk inda kika je, kafin ki zauna, ki tambaya ko suna karɓar kati."

"Katin na cikin jakar da anka ƙwace a daji."

"Sunansa na cikin kwamfuta. Ita ba a ƙwace ta ba."

Yelwa ta kwana nan. Da safe ta fara da wani asibitin kuɗi mai ƙofar gilashi. Yarinyar da ke bakin tebur ta ce e, suna da irin wannan likita, yana zuwa daga Zariya sau ɗaya a wata, kuma su ba ruwansu da kati, kuɗi hannu. Ta faɗi kuɗin. Yelwa ta ce, "Allah shi ba ku masu ciwon da ya kai haka," ta fito.

Sai babban asibiti. Nan ta sha yawo. Ta ce tana neman likitan magana, aka tura ta wurin masu duba maƙogwaro. Ta ce likitan tunani, aka nuna mata wata ƙofa mai ƙarfe, ta leƙa ta ja da baya. Wata tsohuwa mai shara ce ta ji ta tana mita, ta ce, "Malama Juwairiyya kike nema. Ɗakin ƙarshe, inda tukunyar fulawa take. Talata da Alhamis take zama, kin taki sa'a."

Yelwa ta shiga ta ga yarinya sa'ar autarta, da hijabi ruwan toka, ba farar riga, ba ko abin sauraren ƙirji a wuya. Ranta bai kwanta ba. Amma yarinyar ta taso ta ba ta kujera, ta gaishe ta har ƙasa, ta yi shiru. Irin shirun da ke jawo magana kamar guga. Kafin Yelwa ta ankara ta faɗi babur, ta faɗi tebur, ta faɗi ran ashirin ga wata.

"Ke fa, Inna, kina samun barci?"

"Ba ni anka kawo ba."

Juwairiyya ta yi murmushi. Ta ce abin da ke damunsa sananne ne, ta ga irinsa da yawa a 'yan shekarun nan, kuma ana samun sauƙi. Takarda kuwa ba ta rubuta wa wanda ba ta gani da ido ba. Ta karɓi lambar wayar Mansura, ta ce za ta riƙa kiransa kafin ya zo. "Amma kada a tilasta masa, Inna. Yanzu ki je tagar inshora, ki tambayi Joseph ko katinsa zai ɗauki aikina."

Joseph mutum ne mai tabarau da haƙuri, Hausarsa ta Jos. Ya gyara zama gaban kwamfuta ya ce, "Mama, sunan mai katin?"

"Ɗana ne."

"To. Sunansa?"

"Malamin makaranta ne a Tsafe. Dogo. Yana da tabo a nan."

"Mama, kwamfuta ba ta san tabo ba. Suna nake so."

Yelwa ta gyara mayafi. "Na fari ne."

"Na fari a me?"

Wata mata a layi ta fashe da dariya. "Ɗan fari ne, Oga. Ko za ka yanka ta ba ta faɗi."

Joseph ya cire tabarau ya goge. "To a kira matarsa."

Aka kira Mansura. Joseph ya kara waya a kunne ya ce, "Madam, sunan maigidanki." Sai wata 'yar murya ta ce, "Ni? Sunan Malam? Gaban Inna?" Ya ce to ta rubuto a saƙo. Mansura allo kaɗai ta yi, waya kuma ba ta san ajami ba. Ya ce ta miƙa wa maƙwabci. Yelwa ta fizge wayar. "A'a. Kafin la'asar Tsafe ta ɗauka an kai shi gidan mahaukata. Ba maƙwabci."

Aka kira Asabe. Ta ce uban dai ta san shi, marigayi Baba Labbo. Ɗan kuwa Malam take ce masa. "Yo a bakin wa zan ji sunan? Uwarsa ba ta faɗi, matarsa ba ta faɗi."

Joseph ya rubuta Labbo. Kwamfuta ta zubo Labbo ɗari da wani abu. Ya ce, "Mama, ba kowa a nan sai ni. Ki faɗa a kunnena, ba wanda zai ji."

"Ni zan ji."

Layi ya fara guna-guni. Wani ya ce tsohuwa ta ba mutane wuri. Yelwa ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce wa Joseph, "Kada ka kashe abin nan. Ina zuwa."

Ta ɗauki kwandonta ta fita bakin ƙofar asibiti, inda 'yan kabu-kabu da masu rake da masu jiran marasa lafiya ke zaune ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ta aje kwando, ta ɗaga curin daddawa uku sama, ta ce, "Jama'a, kowa shi faɗi sunanai. Wanda ya dace, wagga tasa ce."

"Dace da mi, Inna?"

"Kai dai faɗi."

Aka ɗauka wasa ne, aka shiga yi. Sani. Bello. Lawali. Wani Lawalin. Murtala. Wani ya ce shi duk sunan da ake so shi ne nasa. Lawali na uku. Yelwa na girgiza kai kamar mai zaɓen tumatir. Ta bi layin masu shayi, ta bi na masu lemo. Rana ta take. Daga can wani tsoho mai gyaran takalmi, da bai ko ɗago kai ba tun da aka fara, ya ce, "Ni dai Haliru, kuma ban cin daddawar Tsafe."

Yelwa ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Tashi, Malam."

"In tashi in je ina? Ina da aiki."

"Curi biyar."

"Na ce ban ci."

"Matarka na ci."

Ya tashi. Ta tasa shi gaba har tagar Joseph, da allurarsa a hannu, ta ratsa layi ba ta nemi izinin kowa ba. "Faɗa mishi sunanka."

"Haliru."

"Ka ji," in ji Yelwa, tana kallon silin.

Joseph ya yi dariya har ya kifa kai a tebur, sannan ya buga. Haliru Labbo biyu suka fito, ɗaya a Ƙaura Namoda, ɗaya malamin firamare. Ya juyo mata fuskar kwamfutar, ga hoto. "Shi ne?"

Ta kalla da wutsiyar ido, ta kau da kai. "Hular dai tasa ce."

To, sai labari mai daɗi da marar daɗi suka zo a kwano ɗaya. Katin na da rai. Zai ɗauki zama shida wurin Malama Juwairiyya. Amma ba a fara hawa daga sama. Kowane mai kati yana da ƙaramin asibitin da ya zaɓa, can za a fara duba shi, su ba da takardar turawa, sannan kamfanin inshora ya aiko da lamba, sannan babban asibiti ya karɓa. Shi kuwa Haliru a Bungudu aka fara ba shi aiki, can ya zaɓa, kuma da aka maido shi Tsafe bai canza ba.

"A maido shi Tsafe yanzu."

"Wata uku yake ɗauka, Mama."

"To ni in tafi Bungudun."

"Da kansa zai je. Sai likita ya gan shi."

Yelwa ta tsaya. Daga Tsafe zuwa Bungudu sai an bi ta Gusau, daga Tsafe zuwa Gusau kuwa hanya ɗaya ce, ita ce wadda aka tare shi. Ta ɗauki kwandon, ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗan nan," ta tafi tasha.

Juwairiyya ta cika alkawari. Ranar farko Haliru ya ƙi karɓar wayar, Mansura ta aje ta kan tabarma, likita na magana shi yana kallon bango. Rana ta biyu haka. Rana ta uku Yelwa na tankaɗe a bakin ƙofarta, ba wai saurare take ba, kunne ne ba shi da murfi, ta ji muryarsa yana cewa, "E, haka nake ji." Ta ji ana koya masa jan numfashi da ƙirge, a ja zuwa huɗu, a riƙe, a saki zuwa shida. Ran Asabar ya ce wa Mansura zai je.

Yelwa ta shirya da Tambaya direba, mai wata tsohuwar mota Golf, ya fara cika motarsa a tasha ran Litinin, ya bar wurin mutum biyu a baya, ya zo har ƙofar gida. Da hantsi ya zo. Haliru ya yi wanka, ya sa riga, ya sa hula. Yana jin ƙarar injin ya koma bakin gado ya zauna.

Mansura ta fito tana hawaye. "Inna, ya ce ba zai iya ba."

Tambaya ya danna ham. Yelwa ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka gina ɗakin. Ta ɗaga labule ta shiga, ta zauna bakin gadon, kamu ɗaya tsakaninsu. Ba ta dube shi ba.

Haliru ya miƙe kamar wanda kunama ta harba. Ɗan fari ya zauna gado ɗaya da uwarsa? Ya fita tsakar gida ya tsuguna gindin rumbu. Ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno, ta bi shi, ta dasa ta kusa da gwiwarsa. Ya tashi ya shiga zaure. Ta shiga zaure. Ya dubi hagu bango, ya dubi dama uwa, gaba kuwa ƙofa. Ya fita. Rabonsa da hasken titi wata huɗu. Maƙwabta na zaune kan dakali, ga mota ƙofa a buɗe.

Ya toge. Yelwa ta dubi katangar gidan ta ce, da muryar da ba ta wuce su biyu ba, "A ce wa wancan, in bai shiga ba, zan kama hannunai gaban jama'a in kira shi da abin da liman ya raɗa mishi. Da ƙarfi."

Ya shiga. Ta shiga ta ja ƙofa.

A motar akwai wani Alhaji mai hatsi a gaba, da wata mata mai kaji a baya, ita ce a ɗaya gefen, Haliru a tsakiya. Kafaɗarsa na gogar ta uwarsa, rabon da haka ta faru tun yana shan nono. Har suka bar gari kunya ce ta riƙe shi, ya ƙanƙame jiki don kada ya taɓa ta. Amma kunya na da iyaka. Da suka doshi kwanar da aka tare su, inda yanzu sojoji suka jera buhunan yashi, numfashinsa ya sarƙe. Gumi ya keto. Ya miƙa hannu ta kan mai kaji yana laluben marfin ƙofa, mota na gudu.

"Direba," in ji Yelwa, "faɗa wa na kusa da ni shi ja numfashi yadda likita ta ce."

Tambaya ya dubi madubi. "Inna, ai ga shi nan jikinki."

"Da kai nike magana."

"Malam, an ce ka ja numfashi."

"Ka ce zuwa huɗu."

"Zuwa huɗu, Malam. Ɗaya. Biyu."

Mai kaji ta kama hannun rigarsa ta sauke daga ƙofar, ta karɓa, "Uku. Huɗu."

"Shi riƙe. Shi saki zuwa shida."

Alhaji ya juyo zai tambayi ko lafiya, ya ga fuskar Haliru, ya haɗiye tambayar, ya shiga ƙirge da carbinsa. Aka sake. Aka kuma sakewa. Can Yelwa ta lura ba ɗanta kaɗai ke jan numfashin ba. Tambaya na ja, hannunsa ƙam a sitiyari. Mai kaji na ja, ido rufe. Wani soja ya leƙo ya ga mota cike da manya suna ƙirge kamar 'yan aji ɗaya, ya ɗaga musu hannu su wuce.

Da kwanar ta koma baya Tambaya ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Bara a nan anka bi ni da harbi. Kullum sai na wuce sau huɗu."

"Ƙanena a nan ya kwanta dama," in ji mai kaji.

Haliru ya jingina kai da kujera, rigarsa sharkaf. Ya daɗe, sannan ya dubi ƙeyar direba ya ce, "A ce na wuce."

"Inna, ya ce ya wuce."

"Muna da ido," in ji Yelwa.

A Bungudu abin bai ɗauki lokaci ba. Likitan ya tambayi suna, mai suna ya faɗa da bakinsa, Yelwa na can bakin baranda tana nazarin wata akuya. Aka duba shi, aka rubuta takardar turawa, aka buga hatimi. Suka koma Gusau suka miƙa wa Joseph, ya ce saura lambar kamfani, kwana ɗaya ko biyu. Asabe ta share wa Haliru ɗakin ɗanta da ke bautar ƙasa, ta ce ba wanda zai sake bin hanyar nan sai an gama.

Talata lamba ba ta zo ba. Laraba da safe Yelwa ta je ta zauna kan benci daura da tagar Joseph, ta buɗe ƙullin goro. Duk sanda ya ɗago kai sai su haɗa ido. Wajen azahar ya kira kamfanin sau uku. Kafin la'asar ya ɗaga wata 'yar takarda sama kamar wanda ya ci gasa. "Mama, ta fito! Je ki gida, don Allah."

Ran Alhamis Haliru ya shiga ɗakin mai tukunyar fulawa, aka rufe ƙofa. Awa guda cur. Yelwa na waje tana lissafin irin maganar da za a yi awa guda ba a gaji ba, ba kuma gulma ba. Ya fito ido jajur, ya tsaya, ya dubi wata taga ya ce, "A tambaya ko akwai mai tuwo kusa." Wata huɗu rabon da ya nemi abinci da bakinsa.

Juwairiyya ta kira Yelwa ciki ta ba ta ambulan. Ta ce aiki yanzu aka fara, saura zama biyar, wataƙila a nemi ƙari, kuma akwai ranakun da zai koma baya, kada a tsorata. Sannan ta ce, "Inna, na ce kada a tilasta masa."

"Wa ya tilasta? Ko taɓa shi ban yi ba. Zama na yi a gidana."

Likita ta girgiza kai, ta raka ta bakin ƙofa.

Ran Litinin, sha tara ga wata, Yelwa ta shiga ofishin hedimasta da ambulan ɗaure a bakin zane. Ta kwance ta aje a tebur. Malam Anas ya karanta, ya juya baya, ya shafa hatimin da yatsa, ya sake karantawa. Hutun jinya na wata biyu, sannan a maido shi aji a hankali.

"Ta yi?"

"Ta yi, Inna. Wannan ko gwamna ya zo ba ya taɓa sunansa." Ya sa ta cikin fayil, ya kulle durowa, ya sa mabuɗin a aljihu.

Ta miƙe za ta tafi. Ya raka ta har bakin ƙofa, ya leƙa waje, ya dawo ya sassauta murya. "Inna, akwai matar wani abokina. Tun da aka shiga ƙauyensu ba ta barci, ko cokali ya faɗi sai ta zabura. Shi ma ma'aikaci ne. Ina ake bi?"

Yelwa ta dube shi. Ta san matar, ta san abokin nan ba shi da gida sai na Malam Anas. Ta koma ta zauna, kan kujerar baƙi mai laushi, ta gyara mayafi.

"Ɗauko biro," ta ce. "Da farko abokin naka shi bincika inda katinai ke kwana, kada shi kwashi mata shi yi Gusau a banza. In ya isa babban asibiti kada shi bi ƙofa mai ƙarfe, kada shi yarda a tura shi wurin masu maƙogwaro. Talata da Alhamis. Kana rubutawa kuwa? Mutum da digiri, hannu kamar na mai jego."

Hedimasta ya sunkuya yana rubutu da sauri, ita tana faɗa.